Gasket Ya Ƙone, Bakanike Ya Ce A Ƙara Wa Injin Ƙarfi: In Yarda?

TAMBAYA: Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Gwaram ta Jihar Jigawa, wanda ya ce shi manomi ne, da rani kuma yana taɓa fatauci. Yana da mota Sharon mai shan man gas, mai turbo, yana ɗaukar fasinja da 'yan buhuna daga kasuwar Sara zuwa Birnin Kudu, wani lokaci har Kano. Ya ce cikin zafin bazara ya taso da lodi, kafin ya kai Kwanar Huguma motar ta yi zafi, ta kama fitar da farin hayaƙi, sai da aka jawo ta. Bakanike ya kwance kan injin ya ce gasket ya ƙone, sannan ya ba shi shawara cewa tun da an riga an buɗe, gara a ƙara wa injin ƙarfi gaba ɗaya: a sa babban turbo ɗan kwatano, a goge kan injin sosai, a sa siririn gasket, a kuma cire tamostat. Shi ne yake tambaya, ya yarda ko kuwa? Akwai kuma wata wasiƙar daga Babaldu, ta wani direban Kanta, shi ma yana tambaya a kan buɗe famfon mai. Za mu haɗa su mu amsa.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya kiyaye gaba, ya kuma mayar da alheri. Amsar a taƙaice ita ce: a gyara, a kuma gyara da kyau, amma kada ka yarda da ko ɗaya daga cikin abubuwa huɗun nan. Akwai ƙarin ƙarfin da ya dace ka kashe wa kuɗi yanzu da injin yake buɗe, za mu zo kansa. Bari dai mu fara daga tushe, don in ka koma gareji ka yi magana da hujja.

Inji hawa biyu ne. A ƙasa akwai bulok, inda fistin ke hawa da sauka. A sama akwai kai, wanda kanikawa ke kira tof silinda, nan bawul da nozul suke. Tsakaninsu aka shimfiɗa gasket, wanda kaurinsa kamar milimita ɗaya da rabi ne. Shi ne katangar da ta raba maƙwabta uku da ba sa ga maciji da juna, watau wuta da ruwa da baƙin mai. A injin gas irin naka, fistin yana matse iska har ta koma kashi ɗaya cikin 19 ko 20 na girmanta, ta yi zafin da mai zai kama da kansa ba tare da fulogi ya kyasta ba. Ƙarfin fashewar yakan ninka iskar da ke cikin tayar motarka sau 50 ko fiye. In kana tafiya injin yana juyi 3,000 a minti, to kowane silinda yana wannan fashewa sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Duk wannan yana neman ɗaga kan injin sama, kusoshi goma ne da ɗan gasket ɗin nan ke riƙe da shi. Ka ji irin dakon da yake yi.

Shi kuwa turbo, zugazugin maƙeri ne. Fankoki biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da zai fita ta salansa shi ke juya ta farko, ta biyun kuma ta riƙa tura iska cikin inji. Iska ta ƙaru, a ƙara mata mai, wuta ta ƙaru, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Ba sabon abu ba ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar dabarar a 1905, kamfanin Saurer na can ƙasar ya sa ta a manyan motoci a 1938, ta shiga ƙananan motocin fetur a Amurka a 1962, sannan Mercedes a 1978 da Peugeot a 1979 suka fitar da ƙananan motocin gas masu turbo. Sandar nan takan yi juyi fiye da 100,000 a minti, hayaƙin da ke bugunta kuma yakan haura digiri 600. Saboda haka duk wanda ya ce zai ƙara zuga, wuta zai ƙara, kuma a kan gasket za ta sauka.

Yanzu ga tambayar da ya kamata a fara yi a gareji, wadda ba mu ji an yi ba a wasiƙarka: me ya ƙona na farkon? Gasket ba ya ƙonewa haka siddan. Galibi zafi ne. Kan injinka na alminiyam ne, bulok kuma na baƙin ƙarfe, alminiyam kuwa in ya sha zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. In zafin ya wuce kima sai kan ya ɗan gantsare, ya saki gasket a wani wuri, wuta ta sami kafa. Daga nan sai ka ga ruwa yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, gorar ruwa tana kumfa, tiyo ya yi tauri, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara.

To me ya kawo zafin? A ƙasarmu abin ba ya wuce 'yan dalilai. Ruwan rijiya da na burtsatse da muke ɗurawa yana barin gishiri da tsatsa, su toshe 'yan hanyoyin lagireto daga ciki. Daga waje kuma ƙaiƙayi da ƙurar hunturu su liƙe shi, musamman motar da ke shiga gona da kasuwar hatsi. Ko fanka ta daina tashi, ko wata fam ya cinye, ko wani tiyo yana ɗiga a ɓoye. Wasu Sharon ɗin ma suna da bututun ruwa da ke bi ta ƙarƙashin mota zuwa baya, a duba su. Har marfin gorar ruwa, wanda mutane ke rainawa, yana kashe inji. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, amma marfi mai kyau yana riƙe iska ya ɗaga tafasar zuwa 120 ko fiye. In robarsa ta mutu, ko an maye gurbinsa da tsumma da leda, ruwan zai tafasa tun da wuri. Ka haɗa wannan da ranar Afrilu mai haura digiri 40, da lodi, da tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa Kano. In ba a gano wanne ne a cikinsu ba, ko gasket na zinariya aka sa, zai bi sahun ɗan'uwansa.

Sai batun goge kai. Ana gogewa ne don a daidaita, ba don a ƙara ƙarfi ba. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan fuskarsa ta tsawo da ta faɗi da ta kusurwa, a zura siraran ma'auni a ƙarƙashi. A wannan inji, in gantsarewar ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, watau kamar kaurin takarda guda, to a wanke kawai a mayar. In ta wuce, sai a kai wurin masu injin guga a ɗauke ɗan abin da ya wajaba, ba ƙari. A kuma gwada shi ko ya tsage, don kan da ya tsage ko an goge shi ya yi ƙyalli kamar madubi, ruwa zai ci gaba da sha. Hikimar da bakanikenka ya ji, ta cewa a goge sosai matsi ya ƙaru, ta masu tseren motocin fetur ce marasa turbo. Injin turbo akasin haka ake yi masa: kamfani da kansa yakan rage masa matsi a kan ɗan'uwansa marar turbo, saboda zugazugi ya riga ya cika shi da iska. Daɗin daɗawa, kan injin gas shafaffe ne, duk abin da aka ɗebe daga fuskarsa yana matso da bawul kusa da fistin ne. Ranar da suka gaisa, ba gasket za ka saya ba, inji za ka saya.

Wannan ya kawo mu kan siririn gasket, kuma a nan muna so ka buɗe kunne. A injin gas, fistin in ya kai ƙarshen hawansa yakan ɗan leƙo saman bulok da kamar milimita ɗaya. Tazarar da ta rage tsakaninsa da kai ba ta kai milimita ba, kuma kaurin gasket ne ke tsare ta. Shi ya sa gasket ɗin wannan inji kala uku ne, ana gane su da 'yan huji ko tsaga a gefe: mai ɗaya, mai biyu, mai uku. Bambancin kowane da na kusa da shi bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma shi ne tsakanin lafiya da asara. Ka karɓi tsohon da aka cire, ka ƙirga hujinsa, ka tafi da shi Ƙofar Ruwa ko duk inda za ka saya, ka karɓo irinsa. In an canja fistin ko an taɓa fuskar bulok, to sai an sake awo. Kada a sa wanda ya fi shi siranta, kada kuma a haɗa biyu a ce ai kauri ya fi. Kada a shafa masa gam ko giris. Akwai gasket na zamani mai falle-fallen ƙarfe, ya fi na da juriya, amma yana son fuska mai santsi ƙwarai. In gugar ta bar zane-zane, zai yi yoyo.

Kusoshin kai ma abin magana ne, don nan ake yawan yin gyaran gangar auzinawa. Irin na motarka an yi su ne su ɗan miƙe in an ɗaure, kamar roba, ta haka suke riƙe kai. Sau ɗaya suke wannan aiki. In an kwance su, sun gama yayi, ko da kuwa ido yana ganinsu garau. Sayi sababbi goma. A tsane ramukansu daga ruwa da mai, don kusa in ta danne ruwa a rami tana iya tsaga bulok. A ɗaure daga tsakiya a yi waje, hawa-hawa, da sifana mai ma'auni: zagayen farko a 40, na biyu a 60, sannan a juya kowace kwata ɗin zagaye, a sake bi a ƙara wani kwatan. Wannan lissafin na injin 1.9 ne, kowane inji da nasa. In garejin ba su da wannan sifana, a aro. Dogon bututu da ƙarfin damtsen yaron shago ba ma'auni ba ne.

To babban turbo fa? Kamfanin Volkswagen ya fara fitar da Sharon a 1995, daga masana'antarsa ta ƙasar Fotugal, kuma injin gas na 1.9 ya zo da mai ƙarfin doki 90, daga baya da mai 110. Don a sami ƙarin dawaki 20 ɗin nan kacal, sai da aka canja turbo zuwa wani iri dabam, aka sa nozul masu faɗin baki, aka kuma sake lissafin ƙwaƙwalwar motar. Da aka zo ƙara wasu dawakan daga shekarar 2000, tsarin feshin man ma gaba ɗaya aka sauya, aka haɗa da giya shida. Ka ga ke nan abin tafiya ce ta ayari, ba a ɗaukar raƙumi ɗaya a ce an yi fatauci. In aka ɗaura babban turbo shi kaɗai, ɗayan biyu ne. Ko dai ya yi nauyin tashi, motar ta mutu a ƙasa, daidai inda kake bukatar ƙarfi wajen tashi da lodi, ko kuma ya tura iskar da ta wuce lissafi, ƙwaƙwalwa ta ji, ta rage mai don kare inji, ka ga mota tana jan ciki a tsakiyar titi. Wasu sai su yaudari ƙwaƙwalwar, ko su gajarta sandar ƙofar da ke sakin rarar hayaƙi. Ta haka dai ƙarfi yakan zo, ba mu musa ba. A Turai masu sha'awa suna yi, amma su sukan sa kusoshi na musamman da babban kuloci da ma'aunin zafin hayaƙi, ga sanyin ƙasa, ga mutum ɗaya a mota. Kai kuwa injinka ya haura shekara 20, da shi kake ci da iyali, kuma tun da aka saki Naira a 2023 kowa ya san yadda kuɗin inji ɗan kwatano ya koma. Garin neman gira kada a rasa ido.

Ɗan'uwanmu na Babaldu, ga taka. Tsofaffin Kanta da a-kori-kura famfonsu ba na ƙwaƙwalwa ba ne, akwai wani noti da ke iyakance man da ke shiga, kamfani ya ɗaure shi ya sa masa hatimi. In an buɗe shi, lalle za ka ji mota ta ƙara kuzari. Amma waiwaya ka dubi salansa. Baƙin hayaƙin nan man gas ne da bai sami iskar ƙonewa ba, watau kuɗinka ne ke tashi sama. Wanda ya ƙone a makare kuma yana ƙara wa hayaƙi zafi, ya gasa bawul da turbo, ya tsaga kai, har ya narka saman fistin a doguwar hawa irin ta hanyar Ningi. Allurar zafi ba za ta gaya maka ba, don ita ruwa take aunawa, ba hayaƙi ba. In motarka ta yi sanyin jiki, kai famfo da nozul wurin masu injin gwaji a mayar da su ma'auninsu na asali.

Tamostat kuma a bar shi. Mun san cire shi ya zama al'ada, har ana cewa na ƙasar sanyi ne. Aikinsa ya tsare ruwa har inji ya ɗumama zuwa digiri 80 da wani abu, sannan ya buɗe. Babu shi, da asubar hunturu inji zai daɗe yana aiki da sanyi, ya sha mai, ringi su ci. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, a injuna da yawa tamostat in ya buɗe hanyar lagireto yana rufe wata gajeriyar hanya ta cikin inji. In an cire shi, wani ruwan sai ya riƙa bin gajeriyar yana dawowa da zafinsa bai ga lagireto ba. In tsohon ya maƙale, a jefa shi a ruwan zafi a gani, a sayi sabo.

Yanzu ga inda kuɗinka zai yi amfani. Tsohon inji ba ƙarin dawaki yake bukata ba, nasa ne suka ɓace, a nemo su. Tun da kai yana ƙasa, a leƙa bututun da iska ke bi ta shiga inji. A irin wannan mota baƙin toka da mai sukan taru a ciki har hanyar ta tsuke, wani lokaci da ƙyar yatsa zai shiga. A ƙanƙare shi tas. A gwada nozul huɗun, wanda ke ɗiga maimakon feshi a canja shi. A bi tiyoyin iska ɗaya bayan ɗaya, don ɗan tsagu kaɗan ya isa ya zubar da rabin aikin turbo. A wanke intakula, watau ɗan lagireton da ke sanyaya iskar turbo, ciki da waje. Iskar takan fito da zafin da ya haura digiri 100, kuma duk digiri 10 da aka rage mata tana ƙara yawa da kamar kashi 3 cikin 100, ƙarfi ne na kyauta wanda ba ya cutar gasket. A sa sabuwar matatar iska, a daina huda ta ko bugun ta a taya, don ƙura ga fankar turbo kamar yashi ce ga ido. A canja bel ɗin taimin tun da an riga an kwance shi. A wanke lagireto ko a sake shi, a sa sabon marfi, a zuba ruwan kulan mai hana tsatsa. Shi kansa turbo a girgiza sandarsa: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma in tana gaba da baya ko fanka tana gogar bango, a gyara ko a sa irinsa daidai. Siririn bututun da ke kai masa mai kuma a tabbata bai toshe ba. Wallahi in an yi waɗannan, za ka rantse an canja maka inji.

Amma fa ko ƙarfi ya dawo, birki da taya da sifirin suna nan yadda suke. Sharon motar mutum bakwai ce, duk abin da aka yi ta ta ɗauka, mutane da kaya, bai kai tan ɗaya ba. Buhun masara ko gero kilo 100 ne, ka yi lissafi da kanka. Inji yana iya jan abin da birki ba zai iya tsayarwa ba. In kasuwa ta buɗe har kaya sun fi ƙarfinta, sawu biyu ko hayar Kanta ya fi sauƙi.

In an gama ɗauri, a zubar da tsohon mai da filta, a zuba sabo, bayan 'yan kwanaki a sake zubarwa, don ragowar ruwan da ya gauraya da shi yana cin metal da sandar turbo. A tabbata babu mai kwance a intakula, domin injin gas yana iya zuƙar baƙin mai ya riƙa ƙonawa, ya yi ta ihu ko an zare makulli. In hakan ta taɓa faruwa, ka taka birki, ka sa babbar giya, ka saki kuloci ya mutu. Kada ka sa hannu a bakin turbo. A fitar da iska daga hanyoyin ruwa, a jira a ga fanka ta tashi da kanta. Daga yau kuma, in ka iso daga doguwar tafiya ka bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin ka kashe, mai ya sanyaya turbo. A hawa ka sauko da giya, kada ka danne totur mota tana nishi. In allura ta haura, ka tsaya, kada ka buɗe marfi da zafi, kada kuma ka kwara wa inji ruwan sanyi.

Fitar farko ka yi ta ba lodi, daga Gwaram zuwa Birnin Kudu ka dawo. Washegari da safe, kafin ka tayar, ka duba ruwa ko ya ragu, ka zaro sandar mai ka ga launinsa, ka matsa babban tiyo da hannu. In ya yi laushi, ɗora buhunanka. In ka ji shi da tauri alhali inji ya kwana da sanyi, koma gareji tukuna.